Tunku da ciwon haukan kare: amsa ga wani mai kiwon kaji

Tambaya: Likita, ina kiwon kaji a bayan gari, tunku ya sa ni gaba. Makon jiya karena ya ritsa ɗaya a bakin akurki, kafin ya kashe shi tunkun ya cije shi a leɓe. Ƙanena da ke karatun aikin jinya ya ce a wasu ƙasashe tunku ne ke yaɗa ciwon haukan kare. Da gaske ne? Ta yaya ciwon kare zai koma na tunku? Ni har na yi niyyar zuba guba a ramukansu in huta.

Amsa: Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba. Amma kafin mu shiga dogon bayani, kai karen nan asibitin dabbobi yau, kada ka bari sai gobe. Ka faɗa musu ranar da aka cije shi, da ko an taɓa yi masa allurar rigakafi. Gubar kuma ajiye ta tukuna, zan zo kanta, domin an gwada wannan dabarar a ƙasashen da ƙanenka ke nufi, kuma ba ta yi daɗi ba.

Sunan da muka ba ciwon nan shi ne ke fara rikita mutane. Muna cewa haukan kare, sai a ɗauka na kare ne shi kaɗai. Duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta nono tana iya kamuwa: saniya, jaki, akuya, kyanwa, dila, jemage, har ɗan Adam. Kajinka dai ba sa ciki, tsuntsu ba ya yin wannan ciwon. Sai dai akwai bambanci tsakanin dabbar da cutar ta kai wa ziyara da wadda ta tare a gidanta. Idan mahaukacin kare ya ciji saniya, za ta kamu ta mutu, galibi kuma a nan zancen ke ƙarewa, don saniya ba ta bin 'yan uwanta da cizo. Cuta ba ta zama daram a cikin wani jinsi sai in kowace dabba da ta kamu tana iya shafa wa aƙalla 'yar uwarta ɗaya kafin ta mutu. Jinsunan da suka cika wannan sharaɗi kaɗan ne a duniya. Kare ne babbansu. Akwai yanyawa a Turai, jemagu a nahiyar Amurka, dila a kudancin Afirka. Tunku ma ya shiga sahu, a wurare biyu da ke nesa da juna: wasu tsibiran Karibiyan da ke cikin teku kusa da nahiyar Amurka, da tudun tsakiyar Afirka ta Kudu. Kuma hanyar da ya bi ya shiga sahun ba iri ɗaya ba ce.

Na Karibiyan ya fi ban haushi, domin mutum ne ya ƙulla shi da hannunsa. Asali babu tunku a tsibiran nan. A ƙarni na 19 arzikinsu duk a kan rake yake, ɓeraye kuma sun hana manoma sakat. Sai wani Bature mai gonar rake a Jamaika, W. B. Espeut, ya sa aka kawo masa ƙaramin tunkun Indiya daga Kalkata a 1872. Guda tara ne kacal, maza huɗu mata biyar. Da farko abin ya yi kamar zai yi, ɓarnar ɓera ta ragu, labari ya bazu, masu gonaki a sauran tsibirai suka yi ta sayen jikokin tara ɗin nan. An kai su Puwato Riko wajen 1877, an kai Kuba da Giranada da tsibirin da Haiti da Jamhuriyar Dominikan suke a kai, har Hawai can cikin tekun Fasifik a 1883. Abin da ba a lissafa ba shi ne tunku da rana yake kiwo, ɓera kuwa sai dare ya raba, kuma in ya ji wuya bishiya yake hayewa. Da tunku ya ga nama mai sauƙi, sai ya koma kan tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, da ƙadangaru, da ƙwan kunkurun teku, da kajin mutane. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

To amma lura da wannan, don a nan amsar tambayarka take. Tunkun da aka kawo daga Indiya ba shi ya zo da haukan ba. Jamaika, inda aka fara sauke su, tana cike da tunku har yau, kuma babu haukan kare a cikinsu. Haka Hawai. Tsibiran da abin ya kama su ne Puwato Riko, Kuba, Giranada, Haiti da Jamhuriyar Dominikan. Da masana suka bi salsalar ƙwayar cutar da ke jikin tunkun waɗannan wurare, sai suka tarar 'yar gidan kare ce, irin wadda ta bi karnukan Turawa ta watsu a duniya zamanin mulkin mallaka. Kuma ta kowane tsibiri da tata salsalar, abin da ke nuna ba sau ɗaya ta yi tsallen ba. Nan ta tsallaka daga kare zuwa tunku, can ma ta sake tsallakawa, kowanne a lokacinsa. A Puwato Riko sai a 1950 aka tabbatar da ciwon a jikin tunku, shekara saba'in da wani abu bayan an kawo shi. Yanzu a tsibirin, yawancin dabbobin da gwaji ke nuna suna da ciwon tunku ne, kuma al'amarin ya juye: kare da kyanwa da doki da saniya su ke ɗauka daga wajensa.

Me ya sa ta zauna masa? Na farko yawa. A tsibiri babu mai cin tunku, abinci kuma ga shi ko'ina, musamman a juji da bayan otal da wuraren shan iska inda mutane ke zubar da saura. A irin wuraren nan yake cin karo da karnuka da kyanwoyin da ba su da mai su. Na biyu hali. Duk wanda ya taɓa ganin tunku biyu suna faɗa a kan abinci ko a kan mace ya san ba sa wasa da haƙori. Na uku haihuwa. Macen tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, biyu-biyu ko uku-uku, saboda haka kullum akwai sababbin jini da cutar ba ta taɓa gani ba.

Ita kuma ƙwayar cutar, Allah Ya hore mata wata dabara mai ban tsoro. Ba ta bin jini. Daga inda haƙori ya shiga sai ta kama jijiya, ta yi ta rarrafe a hankali har ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ake iya yin wata ɗaya, biyu, uku ba a ga komai ba, rauni ya warke har an manta. Shi ya sa kuma cizon fuska ko leɓe, irin na karenka, ya fi na ƙafa saurin bayyana, tafiyar ba nisa. In ta isa ƙwaƙwalwa sai ta sauko cikin yawu, a daidai lokacin da ta cire wa dabbar tsoro ta sa mata son cizo. Kai da kake fama da shi ka san tunku mai lafiya: wulgawarsa kawai kake gani, kafin ka ɗaga sanda ya shige suri. Ai ba banza aka ce tunku ya san surin da yake yi wa kashi ba, dabba ce mai lissafi. Wanda ciwon ya kama lissafin ne ke ɓace masa. Zai shigo tsakar gida ido na ganin ido, ya tasam ma mutum ko kare, in ya kama da baki kuma sai an ɓamɓare shi. Wani kuwa ba ya faɗa, sai ka gan shi yana tangaɗi, yana jan ƙafafun baya, ya zauna kamar ɗan gida har yaro ya kai hannu.

Shanu suna shan wahala a nan saboda son sani. Saniya in ta ga ƙaramin abu yana birgima a cikin ciyawa sai ta miƙa hanci ta shinshina, cizon kuma ya sauka a kan hancin. Bari in ɗan ratse, don abin da zan faɗa ya shafi makiyayanmu ko da babu tunku a zancen. An taɓa kirana ruga a kan wata saniya da ta daina cin abinci, yawu na dalala, tana wani irin kuka mai shaƙewa ba ƙaƙƙautawa, tana yunƙuri kamar mai naƙuda. Ina isa na tarar da mai ita ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa a bakinta yana laluben ƙashi ko leda da ya ɗauka ta maƙale mata. Hannun nan duk tsagar kaikayi da ƙaya. Babu abin da ya maƙale, maƙogwaron ne ya shanye. Da na matsa da tambaya sai wani yaro ya tuna cewa wata guda da ya wuce wani baƙon kare ya ratsa garken da asuba. Ranar ban bar rugar ba sai da na ga an ɗora mutumin a babur an nufi asibiti. Saniyar ba ta kai kwana uku ba.

Mu koma kan gubarka. Akwai wani abu game da tunku da ya daɗe yana ba masana mamaki. Idan aka kafa tarko aka kama waɗanda ke yawo lafiya lau aka auna, waɗanda ake samu da ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwa ba su wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kamar yadda aka gani a Giranada. Amma in aka auna jini, sai a tarar da yawa suna ɗauke da garkuwar da jiki ke yi bayan ya yi karo da cutar. A wani bincike a Puwato Riko sun kai kusan kashi 40 cikin 100. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce an cije su, abin da ya shiga bai taka kara ya karya ba, jiki ya murƙushe shi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe ana warkewa. In alamu suka bayyana, a tunku ne ko a mutum, kusan babu mai tashi. Abin da nake so ka gani shi ne waɗannan masu garkuwar katanga ce da Allah Ya gina kyauta. Mahaukaci ya cije su, cizon ya tafi a banza.

Guba kuwa ba ta tambayar wane ne mai garkuwa. A Giranada an yi shekaru, musamman daga 1960 zuwa bayan 1970, ana baza nama da fatar shanu masu guba a daji. A Kuba ƙwai aka riƙa yi wa allurar guba ana ajiyewa. An kashe tunku ba adadi. Cikin 'yan watanni sai wurin ya sake cika, domin waɗanda suka tsira sun sami abinci a yalwace sun hayayyafa, na maƙwabta kuma sun kwararo cikin filin da babu mai shi, suna faɗa a kan iyaka, faɗa kuwa cizo ne. An kwashe tsofaffi masu garkuwa, an maye gurbinsu da yara da baƙi marasa ita. Ga karnuka da kyanwoyi da tsuntsaye da suka ci gubar suka bi. Har yau ciwon yana nan a tsibiran biyu.

Za ka iya cewa ai an taɓa ƙarar da tunku a wani wuri. An yi, a tsibirin Amami Oshima na Japan, inda aka saki kimanin 30 a 1979 don su ci macizai, su kuma suka koma cin wani zomo da ba a samun irinsa ko'ina a duniya sai a nan da wani tsibiri maƙwabcinsa. A watan Satumban 2024 gwamnatin Japan ta ba da sanarwar an gama da su. Amma sai da aka yi sama da shekara ashirin ana aiki da dubban tarkuna, da ma'aikata na dindindin, da karnukan da aka koya wa bin sansana, a tsibirin da teku ya kewaye, babu ta inda wani zai sake shigowa. Kuma can baƙo ne aka kora. Namu ɗan ƙasa ne, bayan garinku kuma ba tsibiri ba ne.

Labarin Afirka ta Kudu daban yake, kuma a wajena ya fi ban sha'awa. Can akwai wani tunku mai ruwan ɗorawa da farin bakin wutsiya, yana zama jama'a-jama'a a ramuka masu ƙofofi da yawa, sau da yawa rami ɗaya da kurege. Manoman yankin sun daɗe suna cewa cizonsa na kisa, hukuma ba ta ɗauki zancen da nauyi ba, sai a 1928 da yara biyu suka mutu a gundumar Wolmaransstad bayan tunku ya cije su, gwaji kuma ya tabbatar haukan kare ne. Irin ƙwayar cutar da ke jikinsa tasa ce ta kansa, ta bambanta da ta kare, kuma binciken salsala ya nuna ta riga ta karen daɗewa a yankin. Ita ta karen, wadda ke kashe mutane a ƙasar yanzu, daga arewa ta gangaro wajen 1950. Ta tunkun tana zagawa ne a jihar Free State da kewayenta har cikin Botswana, a Zimbabuwe kuma wani siririn tunku ne ke riƙe da 'yar uwarta. Takan faɗa kan shanu da kyanwoyi, wani lokaci kan kare, amma ba ta cika yin nisa a cikin karnuka ba. Can ma an shafe shekaru gommai ana hura iskar guba a ramuka, ana kashe tunku da kurege gaba ɗaya, bayan 'yan shekaru su dawo, har aka haƙura aka koma yi wa dabbobin gida allura. Kuma duk da tunkun nan, mafi yawan mutanen da ciwon ke kashewa a Afirka ta Kudu kare ne ya cije su, a KwaZulu-Natal da Eastern Cape da Limpopo.

Abin da ake sa rai a kansa yanzu shi ne rigakafi ta baki. An fara shi a Suwizalan a 1978, aka riƙa cusa maganin a cikin kan kaza ana yar wa yanyawa a daji, daga baya aka koma jefa ƙananan curi daga jirgin sama, kuma da haka Yammacin Turai ta rabu da haukan yanyawa. Wato maimakon a rushe katangar nan, ƙara mata tubali ake yi. A Puwato Riko ana ta gwada yadda za a yi wa tunku haka. Wahalarsa ita ce bakinsa ƙarami ne, dole curin ya zama daidai yadda haƙorinsa zai huda jakar maganin ya zuba a baki, ba ya cinye na waje ya tofar da na ciki ba. An gwada ɗanɗano iri-iri, har da cuku da kifi da kwakwa. Sannan in aka baza da yamma, kafin gari ya waye ɓeraye sun kwashe. Ɓeran nan da aka kawo tunku dominsa.

Mu dawo gida. A Najeriya da Nijar da maƙwabtansu kare ne ke riƙe da wannan ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, aka dage a kai shekara bayan shekara, cutar kan mutu don kanta. Meziko ta yi haka, har Hukumar ta tabbatar mata a 2019 cewa ta rabu da mutuwar mutane ta hanyar kare. Mu ma muna da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom kusa da Jos, tana yin allurar karnuka, tana kuma auna ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Ni a ganina darasin Karibiyan a kanmu yake, ba a kan tunku ba. Kare yana da mai shi, yana amsa kira, ana iya riƙe shi a yi masa allura da kuɗin da bai kai na kaza ba. Karnukan farauta da na ruga su ne ke kai da kawowa tsakanin gari da daji, su ke zura kai a rami, kuma su ne aka fi mantawa da su ranar rigakafi. Duk ranar da ciwon ya bi ta kansu ya tare a cikin wata dabbar daji, babu mai iya kiran ta ta zo a yi mata allura.

Game da karenka, tunkun da ya zo satar kaza, aka ritsa shi ya kare kansa, halin mai lafiya ya nuna, wannan kuma abin kwantar da hankali ne. Amma ba a yanke hukunci da hali kaɗai. In an taɓa yi wa karen allura, za a ƙara masa wata nan take, ka ɗaure shi ka sa masa ido kamar wata ɗaya da rabi. In ba a taɓa yi ba, tsaron zai fi haka tsawo da tsanani, watanni ne, kuma likitan da ya gan shi ne zai yanke. A tsawon lokacin kada yara su yi wasa da shi, kada ya lashi kowa. In ka ga ya canza hali, ko muryarsa ta canza, ko muƙamuƙinsa ya saki, ko yana cizon itace da ƙasa, kada ka taɓa bakinsa.

Ka tambayi kanka kuma wa ya ɗauki gawar tunkun, wa ya duba leɓen karen da hannu. In akwai wanda yawu ya taɓa masa rauni, ko wanda ya feɗe shi, ya je asibiti. Wuta na kashe ƙwayar cutar, haɗarin a wajen fiɗa yake. Wanda kuma tunku ya ciza kai tsaye, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, a duba agogo, sannan a zuba aidin ko sifirit. Kada a ɗaure, kada a yi gaggawar ɗinkewa, kada a tsaya shafa gashin dabbar ko gasa hantarta. A fara allurar rigakafi a ranar, a cika sauran a ranakun da aka rubuta, in raunin ya huda fata kuma a nemi allurar garkuwa da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Dokar nan ta a tsare dabba kwana goma a gani, ta kare da kyanwa ce, ba ta hau kan naman daji ba. Ƙanƙantar raunin ma ba hujja ba ce. A ƙarshen 2015 wani magidanci ɗan shekara 54 ya mutu a Puwato Riko, a ƙasar da allurar ke nan a wadace. Tunku ya cije shi watanni kaɗan kafin nan, ya ga abin bai kai na asibiti ba.

Akurkin kuwa, waya mai ƙananan idanu za ka sa, wadda yatsa biyu ba sa shiga, ka binne gindinta kamar taƙi ɗaya a ƙasa ka lanƙwasa shi waje, don tunku maginin rami ne. Ka riƙa kwashe ƙwai da wuri, ka daina zubar da mushen kaza da sauran dusa a bayan katanga, ka share tarin duwatsu da kara da ke jingine da akurkin, nan yake laɓewa yana jiran ka ba da baya.